Dukiyar Dutsen Dolpa Da Masu Kwana A Dutsen

  

Yau doguwar tafiya za mu yi. Za mu nufi gabas, mu wuce ƙasar Larabawa, mu wuce Pakistan, mu shiga Nepal, ƙasar da ke maƙale tsakanin Indiya da ƙasar Sin. A arewa maso yammacin Nepal, cikin tsaunukan Himalaya, akwai wata gunduma da ake kira Dolpa. Ita ce mafi faɗi a ƙasar, amma mutanenta kaɗan ne. Wasu ƙauyukanta, sai mutum ya yi kwana da kwanaki yana tafiya a ƙafa kafin ya kai su.

Magana ɗaya nake so mu riƙe tun daga farko. Dukiyar dutse ba ta ɗorewa sai idan masu kwana a dutsen ne ke da ta cewa a kanta. Zan maimaita ta, zan kuma kawo hujja.

Bari mu fara da ƙasar kanta.

Dolpa tana bayan wani babban tsauni mai suna Dhaulagiri, wanda tsayinsa ya haura mita 8,000. Hadarin damina da ke tasowa daga tekun Indiya yana zuwa ya ci karo da shi, ya zubar da ruwansa a kudu. Abin da ke tsallakowa kaɗan ne. Shi ya sa arewacin Dolpa busasshiyar ƙasa ce, ga iska, ga sanyi mai shiga ƙashi. Ƙauye irin Dho Tarap yana zaune a tsayin kimanin mita 4,000. A can noma sau ɗaya ne a shekara, kuma sha'ir ne babban amfanin gona. Idan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara takan toshe mashigin duwatsu wata da watanni.

Mai jin wannan zai ce, to me ke rayuwa a irin wannan wuri? Masu sauraro, abin da ke rayuwa a can yana da yawa.

Akwai damisar ƙanƙara, mai fata ruwan toka da doguwar jela mai kauri, wadda takan naɗe jikinta da ita idan sanyi ya tsananta. Akwai tumakin dawa da mutanen Nepal ke kira naur, masu hawa gangaren da ɗan Adam ba zai iya tsayawa a kai ba. Su ne abincin damisar. Akwai kyarkeci. Akwai kuma barewar miski. E, miskin da muka sani a turare. Asalinsa daga wata 'yar jaka yake fitowa a cikin jikin namijin wannan barewa, kuma saboda wannan jaka aka yi ta ɗana mata tarko har ta yi ƙaranci. Mafi yawan miskin da ke kasuwa yau haɗin masana'anta ne, kuma hakan ya rage wa barewar nauyi, ko da yake mafarauta ba su daina bin ta ba.

Akwai wani tafki mai suna Phoksundo, ruwansa shuɗi shar, kewaye da itatuwa da duwatsu. A shekarar 1984 gwamnatin Nepal ta keɓe wannan yanki ta mai da shi gandun daji na ƙasa, aka sa masa suna Shey Phoksundo. Shi ne gandun daji mafi girma a Nepal.

Amma ku lura da wani abu. Tun kafin gwamnati ta zo da doka, akwai masu tsare wurin. A shekarar 1973 wani masanin dabbobi, George Schaller, ya shiga Dolpa don nazarin tumakin dawa, tare da marubuci Peter Matthiessen, wanda daga baya ya rubuta littafi a kan tafiyar. A kusa da wurin ibada na Shey sun tarar da tumakin dawa ba su cika gudun mutum ba. Dalili shi ne, shugaban addinin wurin ya hana farauta, mutane kuma suna bin umarninsa. Addininsu daban ne da namu, mabiya Buddha ne da mabiya wani tsohon addini da ake kira Bon. Amma duk mai adalci zai yarda cewa sun riƙe amanar abin da ke hannunsu. Ba soja, ba ɗan sanda, ba takarda. Masu kwana a dutsen ne suka tsare dutsen.

To, da me suke rayuwa? Nan ne labarin zai yi muku kama da na gida.

Sha'ir ɗin da suke nomawa ba ya kai su ƙarshen shekara. Sai suka zama fatake. Suna da wani irin sa mai dogon gashi da ake kira yak, mai jure sanyi da ɗaukar kaya. Sukan kora ayarin yak zuwa arewa, cikin Tibet, su ba da hatsi su karɓi gishirin da ake kwasowa daga tafkuna. Sannan su juyo kudu da gishirin, su sauka kwaruruka masu ɗumi, su musanya shi da hatsi mai yawa. Wanda ya san ayarin raƙuman da ke zuwa Bilma da gero ya komo da kantun gishiri, ya riga ya fahimci wannan sana'a. Akwai madugu, akwai lokacin tashi, akwai abokin ciniki da aka gada tun kaka da kakanni. Har fim aka yi a kan wannan ayari a shekarar 1999, sunansa Himalaya, ya kuma shiga jerin finafinan da suka yi takarar lambar Oscar.

Wannan ciniki ya raunana. Bayan 1959, da ƙasar Sin ta ƙara riƙe Tibet, iyaka ta yi tsauri. Daga kudu kuma gishirin Indiya mai sinadarin aidin ya shigo da araha. Gishirin Indiyan ya taimaka wajen yaƙi da maƙoƙo, wannan gaskiya ce, kuma alheri ne. Amma fataken Dolpa sun rasa kasuwarsu. Suka shiga neman abin da zai cike giɓin.

Yanzu mu zo ga zuciyar maganar. Abin da ya cike giɓin wata 'yar tsutsa ce.

Sunanta yarsagumba. Ku saurara da kyau, domin halittarta abin mamaki ce. Akwai wani ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi, wanda ke yawo da dare. Tsutsarsa tana zama a ƙarƙashin ƙasa, a makiyayar da ke saman duwatsu, tana cin saiwar ciyawa. Sai wani nau'in naman kaza ya shige jikinta tun yana ƙwayar da ido ba ya gani. Ya yi ta cin ta daga ciki, a hankali, har ta mutu. Gawar ba ta ruɓewa. Takan bushe da siffarta, da ƙafafunta, kanta yana duban sama. Idan ƙanƙara ta narke, sai wani ɗan tsiro mai duhu ya fito daga kan tsutsar, ya huda ƙasa. Abin da ke leƙowa waje bai fi tsinken ashana ba. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Masu maganin gargajiya na Tibet da Sin sun daɗe suna amfani da ita, don ƙarfin jiki, da huhu, da ƙoda, da ƙarfin maza. Amma sunanta ya zaga duniya ne a shekarar 1993, lokacin da wasu mata 'yan tseren ƙasar Sin suka kafa sabon tarihi a gudu, mai horar da su kuma ya ce wannan tsutsa na cikin abin da yake ba su. Daga baya an yi ta zargin cewa haramtattun ƙwayoyi ne suka yi aikin. Amma kasuwa ta riga ta ji. Da arziki ya bunƙasa a ƙasar Sin, yarsagumba ta zama kyautar da ake kai wa manya. Akwai lokacin da farashin mai kyau daga cikinta ya zarce na zinariya a manyan biranen Sin, idan aka auna nauyi da nauyi.

A Nepal da can haramun ne a tono ta. A shekarar 2001 gwamnati ta ɗage haramcin, ta sa haraji. Daga nan Dolpa ta canza.

Ku zo mu tsaya a makiyayar nan a watan Mayu ko Yuni. Tantuna ne na leda, shuɗi da ruwan goro, a jere har iya ganin ido. Dubban mutane sun hauro, da yawansu daga gundumomin kudu, wasu ba su taɓa hawa irin wannan tsayi ba. A ƙauyuka an rufe makarantu, domin yara sun fi manya kaifin ido, kuma sun fi kusa da ƙasa. Da sassafe kowa zai fita. Ba a tsaye ake neman ta ba. Rarrafe ake yi, gwiwa da gwiwar hannu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, fuska dab da ciyawa. Mutum na iya wuni bai ga ko ɗaya ba. Idan ya gani, sai ya sa 'yar ƙaramar fartanya ya ɗago ƙasar a hankali, domin idan tsiron ya rabu da tsutsar, kuɗinta ya faɗi. Da yamma a zauna bakin tanti da buroshin haƙori, a goge ƙasar da ke jikinta har launinta na rawaya ya fito. Sai a shanya, a ware manya da ƙanana, a jira dillali.

Dole in faɗi alherin da ke cikin wannan, domin ba adalci ba ne a ɓoye shi. Aikin 'yan makonni yakan kawo wa gida kuɗin da ya fi na duk sauran aikin shekara. Da kuɗin yarsagumba aka biya bashi. Da shi aka yi rufin kwano. Da shi aka kai yara karatu Katmandu. Duk wanda zai zauna a ofis mai ɗumi ya ce talakan Dolpa ya daina tono, sai ya fara gaya masa abin da zai ci a cikin hunturu.

Amma masu sauraro, mu juya mu dubi ɗaya fuskar.

Wannan ɗan tsiro da ke leƙowa, shi ne ke ɗauke da iri. Sai ya nuna sannan yake sakin ƙwayoyinsa, su faɗa ƙasa, su kama sababbin tsutsotsi. Kasuwa kuwa ta fi son wadda aka tono da wuri, tun tsutsar na cike. Ma'ana, ana cire ta kafin ta zubar da iri. Manomin da ya cinye irinsa, me zai shuka baɗi? Wasu masana biyu, Uttam Babu Shrestha da Kamaljit Bawa, sun bi masu tono a Dolpa, suka wallafa bincikensu a 2013. Abin da suka samu shi ne, yawan abin da mutum ɗaya ke samu yana raguwa shekara bayan shekara. A 2020 ƙungiyar IUCN, mai lissafa halittun da ke cikin haɗari, ta sa yarsagumba cikin waɗanda ke fuskantar barazana. Ɗumamar yanayi ma ta ƙara nata, domin wannan halitta sanyi take so.

Ba tsutsar kaɗai ke shan wahala ba. Dubban mutane suna buƙatar wuta, a wurin da itace bai cika tsirowa ba. Sai a sare gajerun itatuwan da suka ɗauki shekaru masu yawa kafin su kai gwiwa, a tumɓuke su har saiwa. Ramukan da aka tona a bar su a buɗe. Leda da kwalabe su cika bakin rafi. Makiyayar da yak zai ci a tattake ta. Tumakin dawa su gudu, a daidai lokacin da suke da ƙananan 'ya'ya. Idan tumakin dawa suka yi ƙaranci, damisa ba za ta kwana da yunwa ba. Garken mutane za ta nufa. Makiyayin da ya wayi gari ya tarar an kashe masa awaki, zuciyarsa za ta raya masa ramuwa. Kun ga yadda igiyar take? An ja ta daga kan tsutsa, ta motsa har kan damisa.

Bayan wata biyu baƙi za su naɗe tantunansu su sauka. Wa za a bari da ramuka da leda da makiyayar da ta ƙare? Masu kwana a dutsen.

Inda kuɗi ya taru kuma, rigima ba ta nisa. A 2009, a yankin Manang na Nepal, an kashe mutum 7 da suka hauro neman yarsagumba a makiyayar ƙauyen Nar, kotu kuma ta ɗaure wasu mutanen ƙauyen. A 2014, a Dho Tarap cikin Dolpa, an yi arangama tsakanin mazauna da 'yan sanda a kan wanda ke da ikon karɓar kuɗin shiga makiyaya, aka rasa rayuka. Babu abin da zai halatta zubar da jini, ko daga wane ɓangare. Amma tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ba ta gushe ba. Makiyayar nan ta wace ce? Wa zai ce ga ranar buɗewa, ga ranar rufewa, ga yawan mutanen da za su shiga?

To, ina mafita? Mu duba abin da ke akwai a ƙasa, ba abin da muke fata ba.

Ƙasar Butan, da ke gabashin Himalaya, ta halatta tono a 2004, amma da sharaɗi. Izini na mazauna tsaunukan ne. An ƙayyade lokaci, an ƙayyade yawan mutanen da kowane gida zai tura, ana kuma sayarwa a gwanjo a bainar jama'a don kada dillali ya cuci mai tono. Tsarin yana da nasa matsaloli, ana satar shiga, ana kuka da farashi. Amma ya amsa babbar tambaya. Ya ce mai gida shi ne farko.

A Nepal ma doka ta tanadi cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na kuɗin da gandun daji ya tara a mayar wa al'ummomin da ke kewaye da shi. Doka ce mai kyau. Abin da ya rage shi ne kuɗin ya isa ƙauye a kan lokaci, kuma mutanen ƙauye su zauna a wurin da ake yanke shawarar yadda za a kashe shi.

Akwai kuma ilimin da ke hannun masu maganin gargajiya na Dolpa, waɗanda ake kira amchi. Sun san ɗaruruwan tsirrai, sun san lokacin tsinkar kowanne. Akwai wani mai ƙamshi da ake kira jatamansi, akwai wani mai ɗaci da ake kira kutki, dukansu saiwarsu ake nema, dukansu 'yan kasuwa na kwasa buhu-buhu zuwa Indiya. Amchi yakan ɗebi abin da zai ishe shi, ya bar saura a ƙasa, ya jira har tsiro ya zubar da iri, kuma ba ya komawa wuri ɗaya shekara biyu a jere idan ya ga wurin ya gaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ilimi shi ake buƙata a makiyayar yarsagumba. A rufe tono da wuri, a bar waɗanda suka tsufa su zubar da iri, tunda dama kuɗinsu kaɗan ne a kasuwa. A mayar da ƙasa cikin rami. A hutar da wani gefen dutse. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura mai tsada. Mutum ake buƙata, wanda zai dawo baɗi, wanda ɗansa zai gaji wurin.

Haka ma batun damisa. A wasu yankunan Himalaya, makiyaya sun kafa asusun haɗin gwiwa. Kowa ya zuba ɗan kuɗi, wanda damisa ta yi wa ɓarna a biya shi. An kuma rufe saman garke da ragar waya don kada ta diro da dare. Inda aka yi haka, makiyayi ba shi da dalilin ɗana tarko. Kun ji maganar ta sake dawowa. Dukiyar dutse ba ta ɗorewa sai idan masu kwana a dutsen ne ke da ta cewa a kanta.

Kafin in rufe, akwai dukiyar da ta fi tsutsa da miski da saiwa, ita ce ruwa. Ƙanƙarar da ke narkewa a Dolpa tana gangarowa cikin kogin Bheri, ta shiga Karnali, daga ƙarshe ta haɗu da kogin Ganges a Indiya. Cibiyar ICIMOD da ke Katmandu ta yi gargaɗi a 2019 cewa, ko da duniya ta yi iya ƙoƙarinta wajen rage ɗumama, kimanin kashi ɗaya cikin uku na daskararriyar ƙanƙarar waɗannan tsaunuka zai narke kafin ƙarshen wannan ƙarni. Mutanen da suka dogara da kogunan da ke fitowa daga can sun kusa biliyan 2. Wannan nauyi ya fi ƙarfin makiyayin Dolpa. Ba shi ya ƙona man da ya ɗumama duniya ba. Manyan ƙasashe masu masana'antu ne ke da bashin nan a wuyansu, kuma ya kamata a riƙa faɗa musu.

Masu sauraro, ga saƙona gare ku. Idan kun tsaya gaban mai magani a kasuwa, kuka ga saƙe-saƙi da ɓawon itace a shimfiɗe, ku tambaye shi daga wane daji ya samo, kuma ko ya bar wa itacen abin da zai rayu da shi. Idan kana cikin masu shiga daji, ɗan'uwa, kada ka zagaye maɗaci da wuƙa, ka ɗebi gefe ɗaya ka bar gefe ɗaya. Masu unguwanni da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi, idan baƙo ya zo da takarda yana neman abin da ke cikin dajinku ko dutsenku, ku kira makiyaya, ku kira mata masu itace, ku kira masu magani, ku ji ta bakinsu kafin a sa hannu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu da iyalanmu.